Birni, Ganuwa da Gaɓar Ruwa: Yawon Buɗe Ido a Yola da Jimeta da Kunnen Ɗalibin Harshe

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin Hausa ya taɓa cin karo da kalmomi irin su birni da ganuwa da badala da zaure da zanko, ko dai a littafin adabi ko kuwa a darasin al'ada. Da yawa daga cikinmu, musamman mu 'yan Adamawa da muka tsinci Hausa a kasuwa da makaranta, ba a bakin uwa ba, mun haddace su ne kawai domin jarrabawa. Idan malami ya ce a kawo jam'in birni, nan take za a ce birane. Amma idan ya ce a bambanta ganuwa da katanga, ko a faɗi ko Yola birni ce ko gari, sai ka ji aji ya yi tsit. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga wanda gobe zai tsaya gaban yara ya koyar, ko ya zauna gidan rediyo yana fassara labarai.

Manufar wannan maƙala ita ce mu ɗan taka da ƙafa, mu zaga wuraren tarihi na Yola da Jimeta, mu leƙa Kano domin ganin ganuwa, sannan mu tsallaka Jidda inda ganuwa ta haɗu da teku. Ba hoto za mu je ɗauka ba, kalmomi da sunaye za mu je tsinta, tun da Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mene ne birni?

A Hausar yau duk babban gari mai kwalta da fitilu birni ne, shi ya sa muke jin birnin tarayya Abuja da birnin Landan. A asali kuwa abin da ke mai da gari birni shi ne ganuwa, wato tudun ƙasa mai kauri da aka kewaye gari da shi domin tsaro. Har yanzu wannan tsohuwar ma'ana tana raye a bakin Kanawa da Zazzagawa. Idan Bakano ya ce maka gidansu yana cikin birni, yana nufin cikin ganuwa, ba Sabon Gari ko Fagge ba, ko da kuwa waɗannan unguwanni sun fi nasu benaye. Kishiyar birni a nan ita ce waje, ba ƙauye ba.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwar Kano, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), aka kuma ƙara a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Lokacin da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, an ba da rahoton cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma wajen ƙafa 40. A yau wanda ya bi ta daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya zuwa Kabuga zai ga wani wuri tudu ne kawai, wani wuri an yanka an yi shaguna, wani wuri kuma babu ko alama. An sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su tun 2007, amma hakan bai hana ta zaizayewa ba.

To, a nan ne ɗalibi ya kamata ya fito da biro. Hausa ba ta kiran kowane shamaki da suna ɗaya. Bango na ɗaki ne. Katanga ita ce ke kewaye gida, kuma da ƙasa ko bulo ake yin ta. Idan da kara aka yi, danga ce ko darni; idan da ƙaya ko itace aka tare gona, shinge ne. Garu ya fi katanga girma da kauri, ana faɗinsa ga na gidan sarki da na gari. Badala kuwa a asali ita ce 'yar dakalin da ke jikin ganuwa ta ciki, inda mayaƙa ke tsayawa su yi harbi, amma Kanawa sun faɗaɗa ma'anarta har ta zama sunan ganuwar baki ɗaya. Wannan misali ne mai kyau na yadda ɓangare ke ɗaukar sunan dukkan abu, kuma ya fi misalan da muke kwafowa daga littafi armashi. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne suka zama kududdufai. Kowace ƙofa kuma tana da sarkin ƙofa, wanda a da shi ke rufe ta da almuru ya buɗe da asuba.

Sunayen ƙofofin ma darasi ne. Ƙofar Wambai ta ɗauki sunan sarauta, Ƙofar Ruwa ta ɗauki sunan abu. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo kuwa sunansu kaɗai ya tona asirin shekarunsu, domin famfo kalmar aro ce daga Turanci, ba yadda za a yi a ce Rumfa ya san ta.

Yola, gari a kan tudu

Mu dawo gida. Idan aka auna Yola da waccan tsohuwar ma'ana, ba birni ba ce. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya tsallaka Binuwai a mahaɗarta da kogin Faro a ranar 18 ga Yunin 1851, ya iso Yola bayan kwana biyu, ya bayyana ta a matsayin babban gari buɗaɗɗe mai tsawon kimanin mil 3 daga gabas zuwa yamma, mai bukkoki da faffaɗan tsakar gida har da gonaki a ciki, gidan Lamiɗo da na 'yan'uwansa ne kaɗai na ƙasa. Ya ƙiyasta mutanenta 12,000. Bai daɗe ba, domin Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, saboda ya zo ne ta hannun Barno, alhali a lokacin akwai 'yar tsama tsakanin ƙasashen biyu.

Me ya tsare garin da ba shi da ganuwa irin ta Kano? Amsar tana cikin sunansa. Yola ta samo suna daga kalmar Fulfulde yoolde, wato tudu ko jigawa da ta ɗago a tsakiyar fili. Wanda ya tsaya a gefen garin da damina ya dubi arewa zai ga fadama ce shimfiɗe har zuwa kogi, a kudu kuma ga duwatsun Verre. Abin da Kano ta yi da tubali da gumin talakawa, Yola ta same shi a wajen ruwa da laka da dawakin mayaƙanta. Kalmar tana nan a sunan Yolde Pate, wadda masu keke ke kira kullum ba tare da sun lura cewa sunan Yola suke maimaitawa ba.

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, bayan ya zauna a Gurin, sannan Ribaɗu, sannan Njoboliyo. Shi ne ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ƙasar da aka ba shi Fulani suna kiran ta Fombina, ma'ana kudu. Ga wani abin da ya kamata ya burge ɗalibin ginin kalma: sunan Adamawa kansa ginin Hausa ne. An ɗauki Adama aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar nan ta -awa, wadda muke gani a Kanawa da Katsinawa da Gobirawa, wato mutanen Adama. Sunan jama'a ya koma sunan ƙasa, ya zama sunan lardi a zamanin Turawa, sannan ya zama sunan jiha a ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da aka raba tsohuwar Jihar Gongola ta 1976 gida biyu, Adamawa da Taraba. Ke nan sarautar Fulani ce, sunan garin Fulfulde, sunan ƙasar kuma da ƙirar Hausa.

Wurin da mai ziyara zai fara nufa shi ne fadar Lamiɗo da babban masallacin da ke kusa da ita. Tsarin iri ɗaya ne da na biranen Hausa: fada, fili a gabanta, masallacin Juma'a, kasuwa ba nisa. A wannan wuri ne aka gwabza a ranar 2 ga Satumbar 1901, sa'ad da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka taso ta kogi suka auka wa garin. Mutanen Lamiɗo Zubairu sun yi amfani da igwa biyu da wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya ba shi shekaru kaɗan kafin nan. Da aka ci garin Zubairu bai miƙa wuya ba, ya fita ya ci gaba da yaƙi da Ingilishi da Jamusawa har aka kashe shi a 1903, Turawa kuma suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Tun kafin wannan yaƙi, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta riga ta yanka ƙasar a takarda: Yola ta faɗa hannun Ingila, manyan garuruwan da ke bin ta kamar Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo suka faɗa Kamaru. Akwai gidan adana kayan tarihi na Fombina a harabar fadar, kuma kunya ce a ce ɗalibi ya kammala digiri a garin nan bai taɓa sa ƙafa a ciki ba.

A ƙofar fada kunne ya fi ido aiki. Saurari sunayen sarautu: Lamiɗo da Arɗo da Jauro na Fulfulde ne, Galadima da Ciroma da Yarima da Kaigama daga Barno suka zo, Waziri da Alƙali da Liman daga Larabci, Makama da Sarkin Fada kuma irin na ƙasar Hausa ne. Akwai unguwar Makama a Yola, kamar yadda akwai Gidan Makama a Kano. Haka nan gaisuwa: inda Bahaushe zai ce ranka ya daɗe ko Allah ya ja zamanin sarki, a nan za ka ji ana cewa Barkama. Wanda ya tsaya minti 30 a wurin ranar Juma'a zai tara misalan aron kalmomi da suka ishe shi rubuta jinga guda. Sai dai a kula da ladabi: a cire takalmi inda ake cirewa, a yi sallama, kada a ɗaga waya a ɗauki dattijo hoto ba da izininsa ba.

Mai hali ya ƙarasa Gurin a ƙaramar hukumar Fufore, a bakin kogin Faro dab da iyakar Kamaru. Masallacinta ya shahara ne saboda da karan dawa aka gina shi, jama'a kuma suna haɗuwa su sabunta shi lokaci bayan lokaci, har zuwa sa'ad da aka sake shi da ginin zamani. A ganina an sami masallaci mai ƙarko, amma an yi asarar wani abu, domin aikin gayyar da ake yi da kalmomin da ke tafiya da shi ba su da sauran wurin zama. Wanda kuma ke son ganin garu na dutse ba tare da ya bar jihar ba, sai ya nufi Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, wurin da ya zama na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Gangarawa Jimeta

Tsakanin Yola da Jimeta kimanin kilomita 9 ne. Baƙo yakan ɗauka gari ɗaya ne, tun da a takarda duk Yola ake cewa, ɗaya Yola ta Kudu ɗaya Yola ta Arewa. Amma ɗan gari ya san bambanci. Yola ta sarauta ce da malanta, Jimeta kuwa ta ciniki ce da aikin gwamnati, kuma kogi ne ya raya ta. A zamanin Turawa jiragen ruwa na kamfani suna hawowa Binuwai idan ta cika, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, su sauke gishiri da tufafi, su ɗebi gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Yau wannan harka ta mutu, motoci sun gaje ta. Abin da mai ziyara zai gani daga kan gada shi ne kwalekwale da masunta da masu ɗiban yashi, da rani kuma ga rairayi fari fat da lambuna, can tsallake ga duwatsun Bagale.

Mu ba mu da teku, saboda haka bakin Binuwai shi ne gaɓarmu, kuma kalmar gaɓa tarko ce ga mai koyo. Gaɓar kogi da gaɓar jiki, wadda ita ce kuma gaɓar kalma a darasin tsarin sauti, rubutunsu ɗaya ne, amma wasalin farko na gaɓar kogi dogo ne, na gaɓar jiki gajere. Idan kuma aka yar da ƙugiyar aka rubuta gaba, an koma wata magana dabam, ko dai gaba kishiyar baya, ko gaba ta ƙiyayya. Haka fada da faɗa suke: wanda ya rubuta cewa ya je faɗa alhali fada ya je, ya mai da ziyara rigima. Gari na zama da gari na tuwo ma tsawon wasali ne ya raba su.

Sai maganar jinsi, wadda ita ce babban tabon Hausarmu ta Adamawa. A kasuwar Jimeta za ka ji ƙofan gida, motan haya, Yola ya cika. Wannan Hausa ce da ke biyan bukatar masu ita, ba na kuma ganin dalilin raina ta, hasali ma ta cancanci a yi nazarinta. Amma a daidaitacciyar Hausa sunayen garuruwa da na ƙasashe da na koguna mata ne. Ana cewa Yola ta cika, Jimeta ce, Binuwai ta kawo ruwa. Idan kuwa aka sa gari ko birni ko kogi a gaba, to shi ne ke jan ragamar jimla: garin Yola ya cika, kogin Binuwai ya kawo ruwa. Ƙofa da unguwa da kasuwa da gada mata ne, shi ya sa ake cewa Ƙofar Mata da gadar Jimeta. Gida da masallaci da dutse maza ne, sai a ce Gidan Rumfa da dutsen Dala. Allunan da ke bakin titi sun isa su zama littafin motsa jiki a kan wannan ƙa'ida, har da waɗanda aka rubuta ba daidai ba.

Sunayen unguwannin Jimeta su ne suka fi komai daɗin nazari a wurina. Luggere a Fulfulde kwari ne, wato wuri mai gangare inda ruwa ke taruwa. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin abin da damina ke yi wa irin wannan wuri ba. Rumde kalma ce da ake kiran mazaunin bayi masu noma da ita, daidai da rinji a Hausa, suna ne da ke ɗauke da tarihi mai ɗaci wanda ba a cika son tonawa ba. Gefe guda kuma ga Limawa da Alƙalawa da Gwadabawa da Yelwa da Ajiya, duk da ƙirar Hausa. Sai kuma waɗanda suka tsaya a tsakiya: Nassarawo a Jimeta da Adarawo a Yola, inda kunnen Bahaushe ke jin Nasarawa da Adarawa, amma ƙarshen kalmar ya koma bakin Fulani. A cikin Yola akwai Wuro Hausa, wato garin Hausawa, rabi Fulfulde rabi Hausa. Kada kuma a manta cewa kafin Fulani da Hausawa, Batawa da Verre ne ke zaune a wannan yanki, kuma tafkin Njuwa da aka san shi da bikin kamun kifi yana cikin abin da ke tuna mana da haka.

Ruwan da ya tsare Yola a da shi ne kuma ke cin Jimeta a yau. A 2012 da 2022 ambaliya ta yi ɓarna ƙwarai a garuruwan bakin Binuwai, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982.

Inda ganuwa ta haɗu da teku

Birnin da ya haɗa ganuwa da gaɓar teku, wanda kuma mutanenmu suka fi sani, shi ne Jidda a bakin Bahar Maliya. Alhazai da yawa suna tashi daga Yola su bi ta can, su yi sayayya, su dawo ba su san sun wuce ta gefen tsohon birni ba. Halifa Usmanu ɗan Affan ne ya mai da Jidda tashar jiragen ruwa ta Makka a wajen shekara ta 26 bayan Hijira. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye ta da ganuwa saboda tsoron 'yan Fotugal, waɗanda suka kawo mata hari ta ruwa a 1517 ba su yi nasara ba. An rushe ganuwar a 1947 domin gari ya faɗaɗa, sai sunayen ƙofofi suka rage, kamar Bab Makka da Bab Sharif da Bab Jadid. Kalmar bab ita ce ƙofa a Larabci, kuma ita ce Hausa ta ara ta zama babi, wato ƙofar shiga wani sashe na littafi. Bab Jadid kuwa fassararta Sabuwar Ƙofa, kamar dai ta Kano.

Tsohon garin, wanda ake kira Al-Balad, ya shiga jerin UNESCO a 2014. Gidajensa dogaye ne, an gina su da dutsen da ake sarowa daga teku, an yi musu tagogin katako masu sassaƙa da ke turowa waje, domin iska ta shiga kuma matan gida su ga titi ba a gan su ba. Aikin da zaure ke yi a gidan Bahaushe, na raba idon baƙo da cikin gida, shi wannan taga ke yi a can. Mafi shahara shi ne Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a 1925. Hausawa da Fulani da Barebari da suka tafi hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya, ta wannan gaɓa da yawansu suka shiga Hijaz, jikokinsu kuma suna can har yau. Daga sunan da Larabawa ke kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi, mai tushe a Takrur, muka sami kalmar takari.

Abin lura shi ne Jidda ta rushe ganuwarta da gangan a shekara guda, daga baya ta dawo tana kashe kuɗi domin ceto abin da ya saura. Kano tana rasa tata a hankali, taku bayan taku. Yola ba ta da ganuwar da za ta rasa, sunaye take da su, su ma kuwa suna zaizayewa: sabuwar unguwa sai a ba ta sunan rukunin gidaje ko na wani babba, tsohon sunan wurin ya bi tsofaffi kabari.

Aikin gwaji

Ga abin da nake ba 'yan'uwana shawara mu yi kafin hutu ya ƙare. Kowa ya zaɓi unguwa ɗaya a Yola ko Jimeta, ya sami dattijo biyu ko uku, mace da namiji, ya gaishe su yadda ya kamata, ya ce Baba ko Inna, don Allah me ake nufi da sunan unguwar nan, kuma su wa suka fara zama? Ya rubuta sunan yadda suka furta shi, ba yadda aka rubuta a allon gwamnati ba, ya nuna dogon wasali da ƙugiya. Idan bayanin dattawan ya saɓa, kada ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi, ya rubuta duka ya faɗi wanda ya ce kaza. Bayan haka ya rubuta shafi ɗaya yana kwatanta hanya daga gadar Jimeta zuwa ƙofar fadar Lamiɗo ga baƙon da bai taɓa zuwa ba, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya da Hausa ke da madadinta ba, sannan ya ba abokinsa ya ja layi a ƙarƙashin kowane -n da -r na mallaka, a ga ko sun dace da jinsin sunan da suka bi.